Daga mushra zuwa tarsana: kalmomin jirgin ruwa da Bahaushe ke ji a bakin Shuɗin Nilu

Duk mai bin labarin yaƙin Sudan tun daga watan Afrilun 2023 ya ga yadda jirgin ruwa ya dawo cikin labarai. Bayan da dakarun RSF suka shiga Wad Madani a Disambar 2023, sannan Sinja a ƙarshen Yunin 2024, gadoji suka koma hannun masu bindiga, jama'a kuma suka gangara bakin kogi suna neman mai fito. A farkon Yulin 2024 wani kwamitin ƴan sa-kai na yankin ya ba da labarin mutuwar mutum kimanin 25, akasarinsu mata da yara, a lokacin da jirginsu ya nutse a Shuɗin Nilu cikin jihar Sennar. Irin waɗannan labarai da Larabcin Sudan suke fitowa, a juya su zuwa Faransanci ko Turanci, kafin su iso Hausa. A kan hanya kalmomi kan gurɓace. Kwalekwale ya zama babban jirgi, mashigi ya zama tashar jiragen ruwa, kanar ya zama kyaftin. Wanda ke Maraɗi ko Garwa ko Kumasi, yana sauraren saƙon muryar ɗan uwansa daga Maiwurno, shi ma yakan tsaya a kan wata kalma ya rasa inda ta dosa.

Wannan bayani na masu fassara ne da masu ƴan uwa a can. Ya ƙunshi kalmomin da ake ji a bakin kogi, a wurin ƙera jirgi, da kuma cikin aikin sojan ruwa, tare da takwarorinsu na Hausa da Faransanci. Abu ɗaya da za a riƙe tun farko: harafin ƙaf na Larabci mutanen Sudan "g" suke furta shi, don haka an rubuta kalmomin a nan yadda kunne ke jin su.

Yadda Hausa ta isa wannan kogi

Alhazan ƙasa sun daɗe suna ratsa Sudan zuwa Makka, wasu su wuce, wasu su tsaya neman guzuri har zama ya kama su. Babban ayari shi ne wanda ya biyo bayan yaƙin Burmi, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka isa Shaikh Talha a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, daga baya suka kafa garin Maiwurno a ɗaya gaɓar, kudu da Sennar kaɗan. Garuruwan biyu suna kallon juna, kogi a tsakani, saboda haka fito ya shiga rayuwar mutanen tun ranar farko. Da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ƙarin Hausawa suka zo aikin gona, wasu suka bi ruwa suka zama masunta a Sennar da Rusairis da Jabal Auliya.

Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Harkar ruwa tana cikin wuraren da za a ga haka a fili, domin jirgin da mutum ya shiga, da ma'aikacin da ya karɓi kuɗinsa, da takardar izinin su, duk da Larabci suke magana.

Kogin da kansa

A Sudan in an ce "bahar" ba teku ake nufi ba, Nilu ake nufi. Shuɗin Nilu, wanda jaridu ke rubutawa Nil Bleu ko Blue Nile, shi ne Bahar Azrag, Farin Nilu kuma Bahar Abyad. Idan mutum ya ce ɗansa ya tafi bahar, wataƙila wanka ya je bayan gari. Teku kuwa akan ce masa "al-malih", wato mai gishiri, kuma daga nan ne Hausa ta samo sunan Bahar Maliya. Mai fassarar da ya ga bahar ya rubuta "mer" ya kai mutanen Sinja bakin teku ba su sani ba.

Daga bahar aka sami "bahri", kuma ita ma tana da tarko. Tana nufin abin da ya shafi ruwa, kamar sojan ruwa. Tana kuma nufin arewa, shi ya sa Khartoum ta Arewa ake ce mata Bahri kawai. A watannin da aka yi ana gwabzawa a wannan birni, "yaƙin Bahri" ba yaƙin ruwa ba ne.

Mutanen bakin Nilu da kogi suke auna shiyya. "Sa'id" shi ne inda ruwa ke fitowa, wato kudu, "safil" kuma inda yake gangarawa, wato arewa, daidai da "amont" da "aval" na Faransanci. Lokacin cikar kogi sunansa "damira". Kunnen Bahaushe kan ji ta kamar damina, kuma lokutansu sun zo kusan ɗaya, amma damira ta kogi ce: ruwan da ya sauka a tsaunukan Habasha ne ke tahowa ja wur da laka daga Yuli, ya kai ƙarshen cikarsa a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Shuɗin Nilu ne ke kawo fiye da rabin ruwan da ke isa Masar a shekara, kuma mafi yawansa a waɗannan watanni yake wucewa. Hatsarin da aka ambata a sama a farkon damira ya faru.

Akwai wasu kalmomi huɗu da ke yawan fitowa a labarin hatsari. "Tayyar" shi ne ƙarfin gudun ruwa. "Shaima" ita ce inda ruwa ke juyawa yana jan abu ƙasa, Faransanci "tourbillon". "Gef" gaɓa ce mai tsayi wadda ta miƙe tsaye, "haddam" kuwa zaizayar da ke cin gaɓar har ta rufto da gona ko gida. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari ana noma ta, kamar fadama a wurinmu, ita ce "jarif".

Sai "mushra", kalmar da ta fi kowace muhimmanci ga matafiyi. Mushra wuri ne da gaɓa ta kwanta, inda jirgi ke tsayawa, mata ke ɗibar ruwa, dabbobi ke sha. Hausa tana da kalmomi uku a nan: mashigi, mashaya, da kwata. Ba gini, ba siminti. Idan akwai dakalin siminti da jirgi ke jingina, wannan "rasif" ne, Faransanci "quai". Babbar tasha irin ta Port Sudan ko Kosti ita ce "mina".

Jiragen da masu su

"Markab" ita ce kalmar da ta game kowane jirgi, jam'inta "marakib", mai aikinsa kuma "marakbi". Ƙaramin jirgin katako na masunci, siriri, mai ɗaukar mutum biyu ko uku da taru, shi ne "sharug", kuma shi ya fi kusa da kwalekwale, "pirogue" a Faransanci. "Faluka" ta ɗan fi shi girma da faɗi, kuma sunanta ne ya shiga Faransanci ya zama "felouque". "Markab al-hadid" jirgin ƙarfe ne da ake haɗawa da walda, galibi da inji a gindinsa. "Lansh" ƙaramin jirgi ne mai inji mai gudu.

Aikin fito yana da nasa suna. Jirgin da ke ƙetarar da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa "ma'addiya" ne. Babban na ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen baya, wanda mota da rakumi da buhunan dawa ke hawa, shi ne "bantun", Faransanci "bac". Kafin a yawaita gadoji, bantun ne hanyar garuruwa da yawa na gabashin kogin zuwa kasuwannin Jazira, kuma duk inda gada ta lalace ko ta zama wurin bincike, shi da ma'addiya ake komawa.

A Farin Nilu akwai wani icce mara nauyi da ake kira "tarur" ko "ambaj", ana ɗaure shi a yi abin hawa ruwa. Aikin da gora ke yi wa masuncin Argungu shi yake yi. Itatuwan da aka ɗaure wuri ɗaya aka sako su bisa ruwa "tof" ne.

Sunayen kifi ba su cikin batunmu, amma wanda zai yi ciniki a mushra yana bukatar kaɗan: "bulti" karfasa, "garmut" tarwaɗa, "ijil" giwan ruwa, "gargur" ƙurungu. Busasshen kifi "kajek". Akwai kuma ƙaramin kifin nan mai ƙyalli da Hausa ke ce wa kawara, wanda Larabcin Sudan ma kawara yake ce wa danginsa.

Jirgin bagaruwa

A nan ne aka fi samun abin mamaki ga wanda ya saba da jiragen Kwara. A Yawuri ko Gaya an san jirgin da aka sassaƙe daga gungumen maɗaci ko kawo, an kuma san babban jirgin katako na fatake. Babban jirgin gargajiya na Nilun Sudan, wanda ake kira "nuggar", da iccen "sunut" ake yin sa. Sunut kuwa ba wani baƙon icce ba ne, bagaruwa ce, wadda majema ke jima da ƴaƴanta. Dazuzzukanta sun bi gaɓar Shuɗin Nilu daga Sennar zuwa Rusairis, a ƙananan kwaruruka da damira ke cikawa kowace shekara, kuma tun zamanin Turawa ake yankan ta a Suki don katakon shimfiɗar layin dogo.

Bagaruwa tana da tauri, ruwa ba ya saurin cin ta, amma ba ta miƙewa ta yi tsawo. Saboda haka maƙerin jirgi ba ya samun dogon katako. Gajeru masu kauri yake yankawa, ya jera su kamar mai ginin tubali, kowane ɗaya ya hau kan mahaɗar biyu da ke ƙarƙashinsa, ya kafa dogayen ƙusoshin ƙarfe a karkace daga na sama zuwa na ƙasa. Ba a sa masa haƙarƙari a ciki kamar jiragen Turai. Kaurin katakon da gungumen da aka gitta daga gefe zuwa gefe su ke riƙe shi. Jirgin yakan fito da faɗi ƙwarai, kamar akushi, ba ya nutsa ƙasa sosai, don haka yana wuce wurin da ruwa ya ja baya. Masanin tarihin Girka Herodotus ya bayyana irin wannan gini na gajerun katakon bagaruwa a Masar tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Unguwar Abu Rof da ke Omdurman ita ta fi shahara da wannan sana'a, ko da yake ƙarfe da walda sun ci kasuwarta tun kafin yaƙi.

Shugaban wurin aiki "usta" ne, kalmar da ta zo ta hannun Turkawa. Kafinta "najjar", maƙeri "haddad", yaron da ke koyo "sabi". Toshe tsakanin katako da tsumma ko zare don hana ruwa shiga sunansa "galfata", kuma Faransanci na cewa "calfater": tushensu ɗaya, daga harshen matuƙan Bahar Rum. Jirgin katako in ya daɗe a tudu yakan bushe ya buɗe, shi ya sa ake nutsar da sabo ko wanda aka gyara cikin ruwa na ƴan kwanaki katakon ya kumbura. Wannan ya kamata mai gudun hijira ya sani: jirgin da aka jawo daga inda ya yi watanni a rana ba abin ɗora wa iyali ba ne a ranar.

Sassan jirgi kuwa: "daffa" ita ce allon da ke gindin jirgi ana juya shi da shi, Faransanci "gouvernail". "Migdaf" abin tuƙi ne, amma da bambanci. Bahaushe ya saba da filafili, yana fuskantar gaba yana haƙar ruwa. Migdaf dogo ne, a ɗaure yake a gefen jirgi, mai tuƙi yana ba gaba baya yana ja. Faransanci ya raba su, "pagaie" da "rame". Sandar dogarawa a ƙasa, wadda mu ke yi da gwangwala ko gora, "midra" ce. "Sari" shi ne dogon iccen da ke tsaye a tsakiya, "shira" kuma ƙyallen da iska ke turawa. A nan Hausa ta ɗan gaza, domin filafili ɗaya muke kira wa abin tuƙi, da ƙyallen iska, da farfelar inji. Mai fassara ya fayyace wanda yake nufi. Ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi "hilib" ne, Hausar boko na cewa anka, Faransanci "ancre". Mutanen Sakkwato da Tawa kada su ɗauka "anka" ta "anka tafi" ce.

Dalilin da ya sa ƙyallen iska ya yi amfani a Nilu shi ne, a lokacin sanyi iska daga arewa take busowa, ruwa kuma arewa yake gangarawa. Mai zuwa sa'id iska ta kai shi, mai dawowa safil ruwa ya kawo shi.

Babur da tarsana

Idan dattijo a Sennar ya ce kakansa ya yi aikin babur, ba acaɓa ko kabu-kabu yake nufi ba. "Babur" ko "wabur" a Sudan jirgin tururi ne, daga kalmar Turai da Faransanci ke furtawa "vapeur". Daga baya aka miƙa sunan ga injin ban ruwa da sauran injuna. Jirgin kaya mara inji da babur ke turawa ko ja "sandal" ne, Faransanci "barge", ba turare ba, ba takalmi ba. Mai jan shi kuma "raffas".

Jiragen tururi sun shigo Sudan a zamanin mulkin Turkawan Masar, wanda ya fara a 1821. Biyu daga cikin jiragen Gordon, Bordein da Talahawiya, su ne suka iso Khartoum da ƴan agaji ranar 28 ga Janairun 1885, kwana biyu bayan mutanen Mahadi sun ci birnin. Da Kitchener ya dawo, da jiragen yaƙi ya zo, waɗanda aka ƙera a Ingila, aka kawo su gunduwa-gunduwa aka haɗa a bakin Nilu. Ɗaya daga cikinsu, Melik, ya yi yaƙin Omdurman ranar 2 ga Satumban 1898, daga 1926 kuma ya zama ofishin ƙungiyar masu tseren jiragen iska a Khartoum, har wata ambaliya ta ƙarshen shekarun 1980 ta ɗora shi kan tudu.

Wurin da ake haɗa irin waɗannan jirage da gyaransu shi ne "tarsana". Kalmar ta yi doguwar tafiya. Asalinta Larabci ne, "dar as-sina'a", wato gidan sana'a. Mutanen Italiya suka ɗauka, daga wurinsu Faransanci ya sami "arsenal" da "darse", Turkawa suka mai da ita "tersane", sannan ta komo wa Larabawa a matsayin tarsana. Ashe sana'ar da ke bakin kowane Bahaushe da arsenal na Faransanci ƴan ɗaki ɗaya ne. Haka ma "duwan" da mutanen Nijar ke kiran kwastan: daga "douane" take, ita kuma daga "diwan". A Sudan dai kwastan "jamarik" ne.

A da, babbar tarsanar jiragen kogi a Khartoum Bahri take. A 1918 aka haɗe sashen jiragen tururi da hukumar jirgin ƙasa, aka ci gaba a haka har 1973, lokacin da aka kafa hukumar sufurin kogi mai zaman kanta, wadda jama'a ke kira "an-nagl an-nahri". Babban layinta na Farin Nilu ne, daga Kosti zuwa Juba, tafiyar sama da kilomita 1,400. Shuɗin Nilu bai taɓa samun irin wannan ba. An yi zirga-zirgar babur tsakanin Suki da Rusairis a lokacin da ruwa ke da yawa, amma madatsar Sennar da ta Rusairis, wadda aka gama a 1966, ba a yi musu ƙofar wucewar jirgi ba, saɓanin ta Jabal Auliya ta 1937 da ke da ita. Wannan ƙofa ita ce "hawis", Faransanci "écluse". Rashin ta ne ya yanka kogin gida-gida, ya bar shi ga masunta da masu fito.

A cikin tarsana za a ji "warsha", ɗakin aiki, da "liham", walda, da "winsh", injin ɗaga kaya. "Haud jaf" rami ne da ake shigar da jirgi a kwashe ruwan a gyara cikinsa, "cale sèche". Gangaren da ake jawo jirgi tudu a kansa, "cale de halage", a Masar da bakin Bahar Maliya "gazag" ake ce masa, daga Turkanci.

Wa ke aikin me a cikin jirgi

A jirgin kogi mai faɗa a ji shi ne "rayyis". Ba lallai ya yi makaranta ba, iliminsa sanin ruwa ne: inda yashi ya taru bana, inda dutse yake, inda shaima ke jira. Matsayinsa ya yi kama da na Sarkin Jirgi ko Sarkin Ruwa a garuruwan Kwara, sai dai ba sarauta ba ce. Ma'aikatansa "nawatiya", ɗaya "nuti", kalmar Girka ce wadda ta haifi "nautique". Na jirgin teku "bahhar". Kyaftin mai takardar shaida "gabtan" ne, babban injiniya "bash muhandis". A zamanin tururi akwai "atashji", mai zuba itace ko gawayi a wuta, da "zayyat", mai sa wa inji mai. Duk inda aka ji "bash" a farko ko "ji" a ƙarshe, sawun Turkawa ne. Mai karɓar kuɗin fasinja "kumsari", ƴan dako "attala".

Aiki a jirgi ba ya tsayawa, saboda haka karɓa-karɓa ake yi. Kowane zango "wardiya" ne, daga "guardia" ta Italiya, wadda danginta na Turanci ya ba Hausa gadi. A jiragen teku bisa al'ada awa huɗu ne, Faransanci "quart". Wanda ke bakin aiki a ranar, a jirgi ko bariki ko asibiti, "nabatshi" ne, aikin kuma "nabatshiya". "Tabur" fareti ne, "tamam" rahoton da ake ba na gaba cewa mutane da kaya sun cika, "ijaza" hutu.

Wasu kalmomin lissafi na rai da mutuwa ne. "Humula" iyakar nauyin da jirgi zai ɗauka. "Ghatis" zurfin da cikinsa ya nutsa a ruwa, "tirant d'eau". Manyan jirage suna da layi a jikinsu da bai kamata ruwa ya haura ba, amma markab ba shi da shi, sai idon rayyis. Idan tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai tsawon hannu ba, lodi ya yi yawa, ko wa ya ce akwai sauran wuri. Rigar da ke hana nutsewa "sutrat an-naja" ce, "gilet de sauvetage". Da dare jan fitila na hagun jirgi, koriya na damansa, "bâbord" da "tribord". Gudun jirgi da "ugda" ake auna shi, "nœud", wato mita 1,852 a awa ɗaya.

Bakin teku da sojan ruwa

Ga kakannin Hausawan Sudan ƙarshen tafiyar ƙasa shi ne Suwakin. A nan ake shiga "karantina", wurin tsare alhazai don duba lafiya, sannan a hau jirgi zuwa Jidda. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin babur yakan bi "sambuk", jirgin katako mai ƙyallen iska, ya ƙetare a ɓoye, kuma har yau sunan na fitowa a labarin masu ƙetara Bahar Maliya ba izini. An buɗe Port Sudan a 1909 ta gaji Suwakin, wadda murjani ya matse mashigarta. A 1991 aka buɗe sabuwar tashar Usman Digna a Suwakin, inda jiragen fasinja da na dabbobi ke tashi. Masanin hanya da ke hawa baƙon jirgi ya shigo da shi tasha "murshid" ne, "pilote", hasumiyar fitila kuma "fanar".

An kafa rundunar sojan ruwan Sudan, "al-guwwat al-bahriya", a 1962 da taimakon Yugoslabiya, wadda ta ba da jiragen sintiri na farko da horo. Sansaninta yana Port Sudan da Flamingo, arewa da birnin. Ƙaramin jirgin sintiri "zawrag" ne, "vedette" ko "patrouilleur". Jirgin da aka ce masa zawrag kada a fassara shi da babban jirgin yaƙi.

Muƙamai ne wurin da aka fi yin kuskure. Sudan ba ta ware wa sojan ruwa sunaye dabam ba, na sojan ƙasa take amfani da su ta ƙara "bahri" a ƙarshe. Faransanci da Turanci kuwa sun ware. "Nagib bahri" daidai yake da kyaftin na sojan ƙasa, amma a ruwa Faransanci "lieutenant de vaisseau" yake ce masa, a Najeriya laftanar. "Ra'id bahri", wato manjo, shi ne "capitaine de corvette". "Mugaddam bahri" shi ne "capitaine de frégate", kwamanda. "Agid bahri" kanar ne cikakke, "capitaine de vaisseau", wanda sojan ruwan Najeriya da Ghana ke kira kyaftin. Kenan kyaftin na ruwa ya girmi kyaftin na tudu da hawa uku, kuma wanda ya ga "capitaine de vaisseau" ya rubuta kyaftin kawai ya rage wa mutum girma a idon mai karatu. Abin da ya fi shi ne a rubuta "kyaftin na sojan ruwa, daidai da kanar". Sama da nan akwai "amid", "liwa" da "farig", su ne admiral-admiral. Ita ma "amiral" daga "amir" ta fito, amirun da muka sani. Kalmar "rukun" da ke bin muƙami tana nuna hafsan ya yi kwalejin manyan hafsoshi, ba wani hawa ba ce.

A ƙasa akwai "jundi", soja, da "arif", kofur, da "ragib", saje, da "musa'id", wanda ya yi kusa da samanja. Tsofaffi har yanzu sukan yi amfani da sunayen zamanin Turkawa: "ombashi" ga kofur, "shawish" ga saje, "sol" ga musa'id.

Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025, mutane suka fara komawa ta gada da ta mushra. Kogin da suka tarar shi ma yana sauyawa. Babbar madatsar Habasha, wadda aka fara ginawa a 2011 ƴan kilomitoci daga iyakar Sudan, aka fara tara mata ruwa a 2020, yanzu ita ke da ta cewa a kan yawan ruwan da ke sauka Rusairis da lokacin saukarsa. Lakar da ke sa ruwan damira ja tana kwanciya a bayanta, cikar kogi da janyewarsa ba sa bin tsohon lissafi sosai. Rayyis da ya gaji sanin ruwa daga ubansa, da manomin jarif, da masuncin sharug, yanzu sukan saurari sanarwar ma'aikatar ban ruwa a kan "mansub", wato tsayin ruwa a ma'auni, da "tasrif", yawan ruwan da aka sako daga madatsa a rana.